Baƙon da ke zaune a fuskar wayarka: ina iyakarsa, me yake iya taɓawa?

Karɓi wayar kowane matashi a fada, a Damagaram ko a Maraɗi, ka duba fuskarta kafin a buɗe komai. Za ka ga agogo, ka ga ɗan akwatin da ke nuna lokutan salla, wani na faɗin zafin rana, wani na kawo sakamakon wasannin ƙwallo. Ƴan kasuwar da ke tsallaka iyaka zuwa Jibiya ko Kano sukan ajiye wanda ke nuna canjin naira da sefa. Ɗan ci-ranin da ke Tiripoli ko Abijan kuwa agogo biyu yake sakawa, nasa da na gida, don awa guda ce tsakani, kada ya kira tsohuwa tana kan sallaya.

Waɗannan ƴan akwatuna su ake kira wijet. Ƙananan manhajoji ne da ke zaune a fuskar waya ko ta kwamfuta, ko a cikin shafin intanet, suna aiki ba tare da an buɗe su ba. Ƙanƙantarsu ce ke sa ba a tuhumarsu. Amma akwatin da ya san ƙarfe nawa za a yi magariba a inda kake, ya san inda kake. Wanda ya kawo maka ci biyu da nema daga Ingila kuwa ya fita intanet da forfenka, kuma hanyar da ya bi ya shigo da labari ita ce zai iya bi ya fita da naka.

Shekara ashirin ke nan masu ƙera manhajoji suna kokawa da tambaya guda: wace ƙofa za a buɗe wa wannan baƙo, wace za a rufe? Ƙofofin biyu ne. Ta farko ta fita waje ce, wato da wa zai iya magana a intanet. Ta biyu ta shiga cikin gida ce: fayiloli, kyamara, makirfo, lambobin mutane, wurin da kake. Kowace ɗaya ita kaɗai da sauƙi. Wijet ɗin da ke ganin hotunanka amma ba ya fita intanet ba shi da inda zai kai su, wanda ke fita intanet amma bai ga komai a cikin gida ba, ba shi da abin ɗauka. Haɗuwar biyun a hannu ɗaya ita ce matsalar.

Lokacin da aka ba baƙo makullin gida

A kan kwamfuta aka fara. A 2003 wata manhaja mai suna Konfabulator ta fito da waɗannan ƴan akwatuna masu ƙyalli, kamfanin Yahoo ya saye ta a 2005. A wannan shekarar Apple ya fito da nasa, Dashboard, a cikin Mac OS X Tiger. Microsoft ya bi sahu a Windows Vista, sannan a Windows 7 ta 2009. Wanda ya taɓa shiga sibar a wancan zamani zai tuna agogon nan mai hannu da ke gefen dama na allo, da ɗan kalanda ruwan lemo, da mitar da ke rawa kamar ta gaban mota.

An ƙera su da kayan da ake ƙera shafin intanet, shi ya sa ɗalibi ma yakan iya haɗa nasa a dare ɗaya. Bambancin shi ne, shafin intanet yana tsare a cikin burauza, su kuwa an fito da su an zaunar da su a kan kwamfutar kanta.

Apple ya yi ƙoƙarin sa iyaka. Kowane wijet yana zuwa da wani ɗan fayil da mai ƙera shi zai rubuta abin da yake bukata a ciki: izinin fita intanet, izinin karanta fayilolin da ba nasa ba, izinin ba kwamfuta umarni kai tsaye, ko duka gaba ɗaya. Abin da bai rubuta ba, ba ya samu. Tsarin yana da kyau a takarda, sai dai mai neman izinin shi ne ke rubuta wa kansa takardar. Makonni kaɗan da fitowar Tiger wani mai rubuta manhaja ya nuna cewa ziyartar shafi kawai ta isa burauzar Safari ta sauko da wijet ta ajiye shi a Dashboard ba tare da ta tambayi kowa ba. Dole Apple ya gyara, ya sa kwamfutar ta riƙa tambaya kafin ta karɓi sabon baƙo.

Na Microsoft ya fi wannan sakaci. Nasa, da ya kira Gadgets, suna aiki ne da duk ikon da mai kwamfutar yake da shi. Idan kai ne babban mai izini a kan na'urar, ɗan agogon nan ma ya zama babban mai izini: yana iya karantawa, ya goge, ya girka wani abu. A watan Yulin 2012, ana gab da taron masana tsaron kwamfuta na Black Hat a Las Vegas, inda wasu masu bincike biyu suka shirya tona asirin raunin, Microsoft ya fitar da sanarwa yana ba jama'a shawarar su kashe Gadgets baki ɗaya. Bai ce zai toshe ɓarakar ba, cewa ya yi a rufe ɗakin. Windows 8 ta fito babu su. Yahoo ya rufe nasa a 2012, Apple ya ja nasa har 2019 kafin ya cire Dashboard.

Wannan tsohon labari ne a Amurka, amma a nan bai tsufa ba. Microsoft ya daina aika wa Windows 7 gyaran tsaro tun ranar 14 ga Janairun 2020, amma har yau akwai shagunan buga takardu da hoto da ke aiki da ita, a kan kwamfutocin da aka shigo da su na hannu. A can ne ɗalibi ke buɗe akwatin imel ɗinsa don cike takardar neman gurbin karatu, a can ne mai shirin tafiya ke sa a ɗauki hoton fasfonsa. Idan ka ga agogon nan yana juyawa a gefen allo, ka san ƙofar da mai ita ya ce a rufe tun 2012 tana nan a buɗe.

Zaure da tsakar gida

A shafin intanet dokar ta fi tsufa, kuma ta fi tsauri. Tun 1995, shekarar da kamfanin Netscape ya shigo da harshen JavaScript, aka kafa ƙa'idar da har yau kowace burauza ke bi: umarnin da ya zo daga wani adireshi ba ya karanta abin da ke na wani adireshi. Shi ya sa shafin da kake kallon ƙwallo ba ya iya leƙa shafin bankinka ko da suna buɗe a lokaci guda. Shafi ba ya kuma shiga fayilolinka sai wanda ka zaɓa da hannunka ka ba shi.

To amma shafukan yau cike suke da kayan wasu. Bidiyon YouTube a tsakiyar labari, maɓallin Facebook, taswira, akwatin hira da ke leƙowa daga ƙasa yana tambaya ko kana bukatar taimako, tallace-tallace. Har shafukan labarai irin wanda kake karantawa yanzu ba su tsira ba. Hanya biyu ce mai shafi ke bi ya saka su, kuma a nan ne duk maganar take.

Hanya ta farko kamar sauke baƙo a zaure ce. Ana yanka masa ɗan fili a cikin shafin, ana ganinsa, yana aikinsa, amma katanga na tsakaninsa da sauran shafin. Ba ya ganin abin da kake rubutawa a wajen filinsa. Mai shafi na iya ƙara matse shi, ya hana shi buɗe sabuwar taga ko aika fom. Tun 2018 burauzar Chrome ba ta barin irin wannan baƙo ya nemi kyamara, makirfo ko wurin da kake sai mai shafin ya rubuta cewa ya yarda, sannan kai ma a tambaye ka.

Hanya ta biyu ita ce mai shafi ya ɗauko umarnin wani kamfani ya zuba shi kai tsaye a cikin shafinsa. Wannan ba zaure ba ne, tsakar gida ce. A wajen burauza, wannan umarni ya zama ɗan gida: yana ganin duk abin da shafin ke gani, har lambar sirri da lambar katin banki yayin da kake buga su. Masu shafuka sun fi son wannan hanyar saboda sauƙinta, layi ɗaya ake kwafa a liƙa. Kuma mai shafin ba ya riƙe da kwafin umarnin. Duk lokacin da ka buɗe shafin, daga rumbun wancan kamfanin ake ɗebo shi sabo. Idan an sauya shi da dare, da safe sabon ne zai yi aiki.

Abin da ya faru da kamfanin sayar da tikiti na Ticketmaster a Birtaniya ke nan a 2018. Ya saka akwatin hira na wani kamfani, Inbenta, a shafukansa har da shafin biyan kuɗi. Masu kutse ba su wahalar da kansu da Ticketmaster ba, suka shiga ta wajen mai akwatin hirar suka ƙara ƴan layuka, akwatin ya koma kwashe bayanan katin duk wanda ya zo biya. An ɗauki watanni kafin a gano, kuma bankuna ne suka fara lura da satar. A watan Nuwamban 2020 hukumar kare bayanai ta Birtaniya ta ci kamfanin tarar fam miliyan 1.25. Hujjarta mai sauƙi ce: me ya kai akwatin hira shafin da ake rubuta lambar kati?

A watan Fabrairun 2018 ɗin dai, an gurɓata Browsealoud, wani wijet da ke karanta wa masu raunin gani rubutun shafi da murya. Shafuka fiye da 4,000 suka wayi gari suna amfani da kwamfutocin masu ziyara wajen haƙar kuɗin intanet, cikinsu har da shafin ita hukumar kare bayanan ta Birtaniya da na kotunan Amurka. A 2024 aka sake ganin irinsa da polyfill.io, wani adireshin da shafuka sama da 100,000 ke ɗebo umarni daga gare shi. Adireshin ya sauya hannu aka sayar da shi, sabon mai shi ya fara karkatar da masu ziyara ta waya zuwa shafukan caca da na damfara.

Shi ma na zauren ba makaho ba ne. Don a nuna maka maɓallin Facebook, dole burauzarka ta tuntuɓi Facebook, ta nan ya san adireshin intanet ɗinka da shafin da kake kai, ko ka taɓa maɓallin ko ba ka taɓa ba. A watan Yulin 2019 kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci, a shari'ar wani shagon tufafi na Jamus mai suna Fashion ID, cewa mai shafin da ya saka maɓallin yana da nasa kason alhaki kan bayanan da aka ɗauka aka aika.

A waya, wijet taga ce kawai

Masu ƙera waya sun ɗauki darasi daga abin da ya sami kwamfuta. A Android, inda wijet ya fara tun 2009, ba ya zuwa shi kaɗai: taga ce ta wata manhaja da ka girka. Manhajar na aika wa fuskar waya abin da za a nuna, fuskar ce ke zanawa, kuma da kayan zane ƙalilan. Hanyar sabunta shi ta yau da kullum ba ta yarda a yi hakan fiye da sau ɗaya cikin minti 30 ba, don kada ya shanye batir. A iPhone, inda suka hau fuskar waya a 2020, an fi matse su. Wijet ba ya gudana koyaushe. Yana miƙa wa wayar jerin abin da za ta nuna da lokacinsa, wayar ce ke yanke lokacin da za ta sake tashe shi, kusan sau 40 zuwa 70 a yini ga wanda ake yawan dubawa. Idan ka taɓa jin haushin cewa an ci ƙwallo amma akwatinka bai sani ba sai bayan minti ashirin, ba rezo ba ne kaɗai, da gangan aka ɗaure shi.

Sai dai ɗaure taga ba ɗaure ɗaki ba ne. Duk izinin da ka ba manhajar, shi wijet ɗinta ke aiki da shi. Tun Android 6 ta 2015 waya na tambayarka kafin manhaja ta taɓa kyamara, lambobin mutane ko wurin da kake. Amma akwai izini ɗaya da ba a tambaya: na fita intanet. Android na ɗaukarsa a matsayin izini na yau da kullum, duk manhajar da ta rubuta tana so ana ba ta shiru. Ƙofar waje ke nan a buɗe take ga kowa, abin da ya rage a hannunka shi ne ta cikin gida.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na lokutan salla. A watan Nuwamban 2020 shafin Motherboard na Amurka ya ruwaito cewa manhajar Muslim Pro, wadda aka sauke kusan sau miliyan 100, tana aika bayanan wurin da masu amfani da ita suke ga wani dillalin bayanai, X-Mode, wanda cikin abokan cinikinsa akwai ƴan kwangilar sojin Amurka. Kamfanin Muslim Pro ya musanta cewa ya sayar wa soji bayanan kowa, ya kuma ce ya yanke hulɗa da dillalin. Wata guda bayan haka Apple da Google suka umarci masu manhajoji su cire kayan X-Mode. Abin lura a nan shi ne, lissafin lokacin salla ba ya bukatar bin sawunka. Lissafi ne na matsayin rana, da kwanan wata da wurin da gari yake. Idan ka rubuta Tawa ko Birnin Ƙonni da hannunka, ya isa, ko babu intanet. Wanda ke tafiya tsakanin garuruwa ne kawai ke da dalilin ba da wurinsa, shi ma na kusa-kusa ya wadatar.

Irin wannan ya daɗe. Tun 2013 hukumar kasuwanci ta Amurka ta kama mai wata manhajar tocila, Brightest Flashlight Free, da aika wurin da mutane suke ga masu talla. A maƙwabciyarmu Najeriya kuwa an ga inda abin ke kaiwa idan aka haɗa izinin karanta lambobin mutane da ƙofar intanet: manhajojin ba da bashi da ke aika wa dangi da abokan wanda ya makara saƙonnin cin mutunci. Daga ƙarshen watan Mayun 2023 Google ya hana manhajojin bashi da ke Play Store taɓa lambobin mutane da hotuna. Hanin bai shafi fayil ɗin da aboki ya tura maka ta Xender ko WhatsApp ka girka ba, kuma kowa ya san yadda manhajoji ke yawo a tsakaninmu don tsimin forfe.

Ramin da ke ƙarƙashin katanga

Akwai wata hanya ta uku da aka daɗe ba a kula da ita ba. An hana shafi karanta abin da ke wani shafi, amma ba a hana shi ƙwanƙwasa ƙofar na'urorin da ke cikin gidanka ba: akwatin wifi, firinta, ko ita kanta na'urar da kake riƙe da ita. A 2019 aka gano cewa manhajar Zoom ta Mac na barin wani ɗan shiri yana sauraro a ɓoye a cikin kwamfuta, har kowane shafi na iya kiransa ya jefa ka cikin taron bidiyo da kyamara a kunne. Apple da kansa ya aika gyara ya cire shi.

A watan Yunin 2025 masu bincike daga jami'o'i da cibiyoyin Turai suka nuna abin da ya fi wannan. Ɗan umarnin bin sawu na Meta, wanda ke liƙe a miliyoyin shafuka, yana magana ta wannan ɓoyayyiyar hanya da manhajojin Facebook da Instagram da ke cikin wayar Android ɗin da aka buɗe shafin a kai. Shafin ya san abin da kake karantawa amma bai san sunanka ba. Manhajar ta san sunanka. Da suka gaisa ta ƙarƙashin katanga sai aka haɗa biyun, ko da ka buɗe burauza a yanayin sirri, ko ka goge tarihinta. Kamfanin Yandex na Rasha ma an same shi da irin wannan dabara. Meta ya dakatar da abin da labarin ya fito. Masu burauza sun shiga toshe ramin, kuma Chrome ya fara tambayar izini kafin shafi ya tuntuɓi na'urorin cikin gida, abin da iPhone ke yi wa manhajoji tun 2020.

A ganina wannan ne ya fi nuna inda gizo ke saƙa. Masu kutse ba su ne kaɗai ke neman hanyar zagaye iyakar ba. Har kamfanonin da kowa ya sani, masu lauyoyi da ofisoshi, suna gwada katangar su ga inda ta yi laushi.

Nijar na da dokar kare bayanan jama'a tun 2017, an kuma kafa hukumar HAPDP a Yamai don kula da ita. Mai shafi ko mai manhaja a cikin ƙasa yana ƙarƙashinta, kuma matasan da ke haɗa wa shaguna da ƙungiyoyi shafuka su ne suka fi bukatar jin labarin Ticketmaster: shafin da ake rubuta lambar sirri ko ake biyan kuɗi ba wurin liƙa akwatin hira, ma'aunin baƙi ko talla ba ne. Amma dillalin bayanan da ke wata nahiya, da wuya takarda daga Yamai ta same shi. Abin da ya fi saurin aiki shi ne abin da ke cikin wayar.

A wayoyin da ke kan Faransanci, wurin yana cikin Paramètres, ƙarƙashin Applications, sai Autorisations. A nan za ka ga wace manhaja ke riƙe da me. Tun Android 10 ana iya cewa a ba da wuri sai lokacin da manhajar ke buɗe kawai. Android 12 ta ƙara zaɓin wuri na kusa-kusa maimakon na daidai, da ɗigon kore da ke fitowa a saman allo idan kyamara ko makirfo na aiki. A shafin kowace manhaja akwai kuma inda ake hana ta cin intanet a bayan fage, wanda ke rage fitar bayanai, ya kuma sa forfen jika guda ya ƙara kwana. Kuɗin da za ka biya shi ne akwatin ƙwallon zai riƙa makara har sai ka buɗe shi da kanka.

Abu guda da mutane da yawa ke kuskure: danna wijet a ja shi zuwa kwandon shara yana cire tagar ce kawai daga fuskar waya. Manhajar na nan a ciki, da duk izinin da aka ba ta ranar da aka girka ta.